Shafin makarantarmu yana tsayawa duk ranar fitar da sakamako, in canja kamfani ne?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni nake kula da shafin intanet na wata makarantar sakandare mai zaman kanta a Zariya, inda iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu. Duk zangon karatu lafiya lau yake tafiya, amma da zarar an sanar a rukunin WhatsApp na iyaye cewa sakamako ya fito, sai ya tsaya cak yana nuna lamba 508. Shugaban makaranta kuwa ni yake kira, ba kamfanin da ke ɗauke da shafin ba, alhali a tallarsu sun rubuta cewa shafi zai kasance yana aiki 99.9% na lokaci. Wani ya ce in kama sabar (babbar kwamfutar da ake ɗora shafi a kanta) biyu, in ɗaya ta faɗi ɗayar ta karɓa. Kuɗin makarantar bai taka kara ya karya ba. Me kuka gani?

Injiniya Sadiq:
Wa alaikumus salam Malam. Fara da lissafin 99.9% ɗin nan: ya ba su damar shafinka ya yi kusan minti 43 a kashe kowane wata, wato awa 8 da kusan minti 45 a shekara, kuma ba su saɓa alkawari ba. Sannan sabar tasu ma ba ta faɗi ba. Lamba 508 tana nufin kai ne ka cinye kason da aka yanka maka. Tsarin da kake kai kamar gidan haya ne, ɗaruruwan shafuka a kan na'ura ɗaya, kowa da iyakar ƙarfin da zai ja. Iyaye suka danno lokaci guda, kowane sakamako sai an tono shi daga rumbun bayanai, sai a rufe maka famfo. Ko ka kai ƙara, za su ce sabar tana aiki, kuma gaskiyarsu ne.

Sabar biyu ba maganin wannan ciwon ba ne. Ka koma ƙaramar VPS, wato yankin sabar da ake ware maka da ƙarfinsa kai kaɗai, ko kuma abin da ba zai ci maka ko kwabo ba: ka saki na 'yan JSS da safe, na 'yan SS da yamma.

Maman Hanifa:
Na yarda da Injiniya, amma Malam ina kwafin ajiyarka yake? Wannan ya fi damuna. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen OVH, kamfanin da ke ɗaukar shafuka, a Strasbourg ta Faransa. Mutane da dama sun rasa komai saboda kwafin nasu ma a harabar yake. Shafi ya tsaya awa biyu, iyaye za su yi faɗa su haƙura. Makin ɗalibai na shekaru ya salwanta fa? Ka riƙa sauke kwafi kana ajiyewa a wani wuri daban, kuma lokaci-lokaci ka gwada mayar da shi ka ga ko yana buɗewa.

Ɗan Sabon Gari:
Ni dai ba zan raina sabar biyu ba, in har ba a ɗaki ɗaya suke ba. Sai dai ko su ba komai suke tarewa ba. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɓace kusan awa 6, da duk tarin na'urorinsu, saboda kuskuren saiti daga cikin gida. Sai 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har manhajojin bankuna suka riƙa shan wuya a nan. Tunda iyayen duk a Najeriya suke, duba ko akwai sabar da ke Legas ko Abuja. Kada kuma ka manta da sabunta sunan shafin da takardar SSL (shaidar tsaron shafi), wadda ƙungiyar Let's Encrypt ke bayarwa kwana 90 take yi. Ka ɗora UptimeRobot, kyauta ne, yana leƙa shafin duk minti 5 ya turo maka saƙo kafin shugaban makaranta ya kira.

Abban Khalifa:
Allah Ya saka da alheri. Wannan zangon zan raba sakamakon aji-aji in gani. Injiniya, in ta kama sai VPS ɗin, mai RAM (ma'adanar da na'ura ke aiki da ita nan take) nawa zai ishe mu?