Wuraren da ya kamata baƙo ya gani a Sheffield

Ɗan Dala: Assalamu alaikum. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a Sheffield ta ƙasar Ingila, kuma abin da nake ji game da garin bai wuce masana'antun ƙarfe da hawa da gangara ba. Ina roƙon waɗanda suka zauna can su faɗa mini wuraren da suka cancanci ziyara, musamman waɗanda ba sa cin kuɗi.

Malam Na-Zazzau: Wa alaikumus salam, Allah Ya sanya albarka. Shawarata ita ce ka fara da tarihin ƙarfen nan da kake gani kamar ba abin kallo ba ne, domin shi ne ya gina garin. A gidan tarihi na Kelham Island akwai wani ƙaton injin tururi da aka ƙera a 1905 don murza ƙarfen sulken jiragen yaƙi na ruwa, kuma har yanzu ana tayar da shi a gaban maziyarta, mutum yana tsaye yana jin ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarsa. A garin ne Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913. Wuƙaƙe da cokulan da suka yi wa Sheffield suna kuwa suna nan a Millennium Gallery, shiga kyauta ne.

Hajiya Mai Lalle: Ɗana, maganar Malam gaskiya ce, amma kada ka raina tuddan nan, ka tanadi takalmi mai ƙwari da rigar ruwa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na garin yana cikin gandun Peak District, kuma motar haya tana kai mutum bakinsa. Ni dai na fi son kwarin Rivelin, inda hanya take bin rafi tana ratsa kufan tsofaffin maƙeru da ruwa yake juya musu dutsen wasa wuƙa. Masallacin Madina yana titin Wolseley, sannan a unguwar Burngreave, inda Yamanawa da Somaliyawa suke da yawa, ba za ka rasa naman halal ba.

Sani Golan Unguwa: Yayana, idan kana son ƙwallo, Sheffield FC da aka kafa a 1857 ita ce kulob mafi tsufa a duniya, kuma filin Bramall Lane, na wani kulob daban mai suna Sheffield United, ana zuwansa a ƙafa daga tsakiyar gari. Gasar sunuka ta duniya ma a zauren Crucible ake yin ta tun 1977, sai dai tikitinta yakan ƙare da wuri, don haka ka nema tun kafin watan Afrilu ya matso.