Ƙaramin leit na gida: in sayi sabo ɗan Chana ko in nemi tsoho?

Sadiq_Rikkos:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu sana'ar ƙarfe da injiniyoyin gidan nan shawara nake nema. Ni ba makaniki ba ne, aikin ofis nake yi a nan Jos, amma tun ina yaro harkar inji take burge ni, musamman tsofaffin kawunan jirgin ƙasan nan da ke ajiye a gidan tarihi na Jos, na siririn layin dogon da ya taso daga Zariya ya biyo Jos zuwa Bukuru saboda kuza, wanda aka gama a 1914 aka rufe a 1957. Burina in ƙera ɗan ƙaramin injin tururi da hannuna wanda zai zauna a tafin hannu kuma ya juya da gaske, ba na ado ba. Na ɗan tara kuɗi kuma akwai wani ɗaki a bayan gida da ba kowa a ciki. To ga inda na tsaya, in sayi ƙaramin leit ɗin nan, wato injin feƙe ƙarfe, na Chana da ake ce wa 7x14 ne, ko in nemi tsoho irin na masu feƙe ƙarfe a gari? Wani ya ce min na Chanan kayan wasan yara ne, wani kuma ya ce tsohon sai ya cinye min kuɗi a gyara. Ga batun wuta, layi ɗaya ne a gidanmu. Sannan ina zan riƙa samun ƙarfen aiki? Na gode.

Baba_MaiLeit:
Wa alaikumus salam ɗana. Na ji daɗin tambayar nan wallahi, don yaran yanzu ba su cika son abin da zai ɓata musu hannu da baƙin mai ba. Ni a Dilimi nake, aikina kenan, kuma gaskiya in dai ni ne tsoho zan nema. Leit nauyi ne. Inji mai nauyi ba ya rawa, in ka sa wuƙa a ƙarfe za ka ji yana ci shiru, ɓawon ƙarfen yana fita a nannaɗe, aikin ya fito sumul. Wancan ƙaramin kilo 40 ne ko ya ɗan fi, mutum ɗaya ma sai ya ɗauka, da ka ɗan matsa masa sai ya fara kuka yana karkarwa ya bar maka zane-zane a jikin aiki. In Allah ya sa ka dace da Myford ML7 ɗan Ingila, wanda suka fara yi tun 1946, ka kama kawai, don dama saboda masu irin sha'awarka ya yi suna, ba shi da girman da zai cika ɗaki. Colchester da Harrison kuwa manya ne, sai an nemo mutane da mota kafin a motsa su.

Amma kar ka je saye kai kaɗai. Ka duba gadon injin kusa da cok, wato bakin da ke riƙe aiki yana juyawa, nan ne yake cinyewa don nan ake yawan aiki, in ka ɗaure sirdin, wato abin da ke ɗauke da wuƙa yana zamewa a kan gadon, ya yi daidai a nan sai ka tura shi can ƙarshe, in ya cije to gadon ya lotsa. Ka ɗaura dogon ƙarfe a cok ka ɗaga sama ka ji ko boris na wasa. Ka tambayi giyoyin yanka tiredi, yawanci sun ɓace, kuma samunsu aiki ne. Sabon fenti kar ya ruɗe ka.

Inj_Hauwa_Abj:
Baba ina gaisuwa, a yi min afuwa zan ɗan saɓa. Duk abin da ka faɗa kan nauyi haka yake, amma mu duba me Sadiq zai ƙera. Fistin ɗinsa bai fi milimita 10 ba, sandar fistin milimita 3 ko 4, ba karanshaf ɗin tirela zai feƙe ba. Ƙaramin aiki gudu yake so. Lissafin shi ne, ƙarfe mai laushi da wuƙar HSS, wato ta ƙarfe mai tauri da ke jure zafin yanka, ana yanka shi wajen mita 30 a minti, to in kaurinsa milimita 25 ne juyi 380 a minti ya isa, amma in milimita 6 ne kana neman wajen 1,600, tagulla da alminiyam ma sun fi haka. Ƙaramin na Chana yana kai 2,500, manyan tsofaffin da yawansu ba sa zuwa ko kusa. Ni irinsa nake da shi a gida a Kubwa kuma yana min abin da nake so.

Sai dai ka sani Sadiq, ba ka fito da shi daga kwali ka hau aiki ba ne. Sai ka kwance shi ka wanke jan girisin da suka lafta masa da kananzir, ka daidaita 'yan ƙarafan da ke matse sirdi har wasan ya fita, ka ɗaure shi da noti a kan benci mai nauyi, wannan kaɗai yana rage karkarwar da Baba ya ce. Ka riƙa ci kaɗan-kaɗan, rabin milimita ko ƙasa a ƙarfe. Giyoyin roba ne a ciki, in aiki ya cije su suke fara karyewa, ka sayi na ajiya tun farko.

Wuta kuma, motarsa DC ce mai allon sarrafa gudu, allon nan shi ne lagonsa, wuta ta yi sama ta yi ƙasa sai ya ƙone, don haka sitabilaiza dole ne, kuma kar ka tada janareta injin na jone. Alherinsa bai cika wuce wat 500 da 'yan kai ba, inbata da sola mai ɗan ƙarfi za su ja shi. In kuma tsohon ka saya ya zo da mota mai layi uku, akwai na'urar VFD da ke karɓar layi ɗaya 230 ta fitar da uku, amma a tabbatar motar irin wadda ake iya sauya haɗinta zuwa 230 ce, ba duka ba ne.

Abu na ƙarshe kar ka zuba kuɗinka duka a inji. Maikuromita, baniya, diril, taf na yanka tiredi a cikin huda, giranda ta wasa wuƙa, cok mai haƙori huɗu, waɗannan za su iya cin kusan abin da injin ya ci.

Baba_MaiLeit:
Injiniya kin yi gaskiya a batun gudu, ban musa ba. Ni dai tsorona allon nan, in ya ƙone a Jos wa zai gyara masa? Tsohon bel ne da mota, ko mai gyaran injin niƙa zai tada shi.

Malam_Tsohon_Tica:
Sallama. Na koyar da aikin ƙarfe a makarantar fasaha kafin in yi ritaya, bari in sa baki. Sadiq kowanne ka saya a cikin biyun zai yi maka injin da kake so. Abin da zai hana shi juyawa awo ne da huda a karkace, ba sunan leit ba. Saboda haka kafin kuɗin ya fita ka sayi bais da magagari da zarto da sukwaya, ka yanko guntun ƙarfe ka goge shi har fuska shida su yi daidai, in ka ɗora sukwaya ka ɗaga wa haske ba ka ganin haske yana ratsawa. Wanda ya iya wannan leit ba zai ba shi wahala ba.

Kuma kar ka fara da kan jirgi, wannan aikin shekaru ne. Ka fara da injin nan mai silinda mai lilo. Ba shi da bawul ko ɗaya. Silindar tana rataye ne a kan ƙusa guda a jikin wani tsayayyen ƙarfe, sifirin yana matse ta, in karan ya juya sai ta yi lilo hagu da dama. A bayanta akwai 'yar huda ɗaya, a jikin tsayayyen ƙarfen akwai biyu, ta shiga da ta fita. Ta karkata nan hudarta ta haɗu da ta shiga, tururi ya tura fistin, filawil, wato faifai mai nauyi da ke juyawa a kan shaf, ya ɗauke ta ya kai ta can, ta haɗu da ta fita, tururin ya fice. Shi kenan fa. Duk sirrin yana wuri biyu, fuskokin nan biyu da ke gogar juna su kwanta sosai, ka shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi ka goga su a hankali, sannan hudojin su faɗa inda ya kamata. Fistin kuma ka fara gama ramin silinda tukuna sannan ka feƙe fistin ya bi ramin, don rage fistin ya fi gyara rami sauƙi. Alamar ya yi ita ce in ka toshe hudar da yatsa ka ja fistin ka ji yana son komawa da kansa, in ka zare shi ya yi 'yar ƙara fau.

Ka rubuta wannan ka manna a bango: taf M3 hudarsa 2.5, M4 3.3, M5 4.2, M6 5. Ƙananan taf kamar tsinke suke, juyi kaɗan gaba ka dawo baya ka karya ɓawon, da mai. Tagulla a bushe ake yanka ta kuma wuƙar kar a yi mata gangare a sama, in ba haka ba sai ta fizgi aikin. Alminiyam ɗan kananzir yake so don kar ya manne a bakin wuƙa.

Sai maganar lafiya, kuma dan Allah ka ɗauke ta da gaske. Ba a shiga gaban leit da babbar riga ko jallabiya ko hannun riga a sake, ba safar hannu, ba zobe, ba carbi a wuya. Makullin cok kar ya taɓa kwana a jikin cok ko na daƙiƙa ɗaya, hannunka na sakinsa ya zama ka cire shi. Tabarau kullum, ƙurar tagulla kamar allura take tashi. Ɗakin kuma a sa masa kwaɗo saboda yara.

Sadiq_Rikkos:
Kai Allah ya saka da alheri Baba, Anti Injiniya, Malam, na ƙaru sosai wlh. Malam to tukunyar tururin fa? Ina tunanin in samu gwangwanin madara ko na maganin sauro in like da dalma irin ta masu gyaran rediyo, tunda ƙarami ne ai ba wani ƙarfi zai tara ba ko?

Malam_Tsohon_Tica:
A'a ɗana, wannan kam kar ka soma. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura wajen ninki 1,600, kuma ruwan da ke cikin rufaffiyar tukunya ya wuce digiri 100 da zafi, da ta tsage sai wani ɓangarensa ya koma tururi lokaci guda ya watso tafasasshen ruwa a fuskarka. Dalmar masu rediyo a wajen digiri 183 take narkewa, tun kafin nan ma ta yi laushi, ruwa na ƙarewa a tukunyar ta saki. Tukunya da bututun jan ƙarfe mai kauri marar ɗinki ake yinta, a like da dalmar azurfa wadda sai ta haura digiri 600 take narkewa. Ba a yin jikinta da tagulla, don ruwan zafi yana cinye zinkin da ke ciki a hankali ta rube ba ka sani ba. Dole a sa mata bawul mai sakin tururi in ya yi yawa, kuma kafin ta ga wuta a cika ta fal da ruwa a matsa da famfo har ninki biyu na ƙarfin da za ta yi aiki da shi, da ruwa fa ba iska ba, don in ta fashe da ruwa tsiyaya kawai za ta yi.

Ka ajiye batun tukunya gefe yanzu. Ka gama injin ka gwada shi da iska, famfon keke ko kwamfiresar mai faci an rage ta sosai. Injin da aka yi da kyau ko da baki ka hura zai juya.

Danladi_Bukuru:
Ba wanda ya amsa masa batun ƙarfe. Oga ka yi abota da 'yan gwangwan, su ne kasuwarka. Tsohuwar firinta akwai sanduna a ciki masu santsi, miƙaƙƙu, suna yankuwa da daɗi, su za ka yi shaf da su. Tsohon kan famfo da bawul ɗin ruwa tagulla ne, ka je da magagari da maganaɗisu ka ɗan goga ka ga rawaya ne har ciki, don wasu fenti ne kawai a sama. Rodin gini kar ka kai shi kusa da ƙaramin leit, wani wuri laushi wani wuri tauri, wuƙa kawai zai kashe maka. Sandar shokoba ma fatarta tauri gare ta. Filawil kuwa ka kai tsohon fistin ɗin mota wajen masu zuba tukwanen alminiyam su narka su zuba maka dunƙule sai ka feƙe, ya fi gwangwanin lemo kyau nesa ba kusa ba. In ka ce da kanka za ka narka, komai ya bushe ƙayau, ɗigon ruwa ɗaya a narkakken alminiyam fallatsa yake yi. In abu ya gagara a Jos akwai Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano.

Ka riƙa rufe injin da leda ko tsumma, ƙurar hunturu in ta haɗu da mai, gadon take ci, da damina kuma ka san ruwan Jos, kwana kaɗan tsatsa ta hau.

Inj_Hauwa_Abj:
Baba batun allo, akwai na canji ana sayarwa, kuma mai gyaran inbata da ya san aikinsa zai iya dubawa, sau da yawa fiyus ne ko taransisto. In ya gaji ma sai ya cire ya sa motar keken ɗinki na masana'anta da bel, mutane suna yi.

Baba_MaiLeit:
To madalla, in haka ne ba ni da ja. Sadiq ka yi abin da Malam ya ce, ka gogo ƙarfen nan mai fuska shida ka zo min da shi Dilimi ranar Asabar bayan azahar, ka min magana ta inbos in kwatanta maka shagon. Zan tsayar da kai a gaban nawa ka feƙe sanda ɗaya ka auna da maikuromita, in nuna maka yadda ake wasa wuƙa a giranda, daga nan sai ka yanke wanda za ka saya. Ka sa ƙaramar riga da takalmi rufaffe.