Yaya zan sa masu wankin ƙoda su faɗi gaskiyar ƙarfin jikinsu?

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen wankin ƙoda, kuma akwai matsalar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Yawancin majinyatanmu sau 3 suke zuwa a mako, kusan awa 4 a kan na'ura. Nauyi, awon jini, yawan ruwan da za a cire, duk muna rubutawa. Amma abin da jikinsu ke iya yi a gida, ba ya shiga fayil. Ko na tambaya, amsar ɗaya ce: "Da sauƙi." Alhali ina kallon mutum yana ta yunƙuri kafin ya miƙe daga kujera. Wani dattijo ma, sai daga bakin 'yarsa na ji cewa ya faɗi a banɗaki, kuma ya daɗe da daina wanka a tsaye.

Na gwada takardar tambayoyi ta KDQOL-36, wadda ke auna ingancin rayuwar masu ciwon ƙoda, ta yi musu tsawo, rabi suke cikawa su ajiye. Na koma gwajin tashi da zama na daƙiƙa 30. Bayan wanki jiri da ɗaurewar tsoka ke hana su, kafin wanki kuwa kowa Allah-Allah yake a jona shi. Da na ambaci motsa jiki, wasu sai su ɗauka ciwon ne ya yi tsanani, su ja bakinsu su yi shiru. Ga na gadon kusa ya kasa kunne.

Don Allah, waɗanda suka saba da wannan aiki: da wace gajeriyar tambaya kuke buɗe zancen har majinyaci ya faɗi abin da ya daina iyawa ba tare da ya ji an tozarta shi ba? Na gode.