Yawon ƙafa a gonakin inabi na Cape Town: ina ya fi dacewa da tsohuwa?

Maman Hanan: Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Umma ta zo mana daga Kano, likita ya ce lallai ta riƙa taka ƙasa saboda suga, bakin teku kuma ta ce ita kam iskar nan ta ishe ta. Maigida ya ce ranar Asabar mu kai ta wajen gonakin inabi, ni kuwa ban san kan wurin ba. Ina ne babu hawan tudu? Kuma mu da ba giya za mu sha ba, za a bar mu mu zaga kawai?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumussalam, sannu da baƙuwa. Gonar Groot Constantia kawai Hajiya, kar ki wahalar da Umma da doguwar tafiya. Cikin gari yake, shiga harabar ma kyauta ne, sai in za ku shiga gidan tarihi ne ake yankar tikiti. Ba wanda zai tare ku ya ce sai kun ɗanɗana wani abu, masu ɗanɗanawa ɗakinsu daban.

Anti Bilki: Na goyi bayan Constantia. Daga inda ake ajiye mota akwai hanya miƙaƙƙiya, manyan bishiyoyi dama da hagu sun yi rumfa har ƙofar farin gidan tarihin, ƙasa a shimfiɗe ba gargada, in ta gaji ta zauna ta huta. Kuma kun dace da lokaci wallahi, Fabrairu kakar inabi ce, za ku ga nonnan inabi sun yi baƙi sun rataya ƙarƙashin ganye, ma'aikata da almakashi suna yanka suna zubawa a akwatunan roba tarakta na kwashewa. Amma ku fita da sassafe fa, ƙarfe 11 in ta yi rana ba ta da wasa, tsakanin layukan inabin babu inuwa ko ta tsayuwar akuya.

Baban Sadiq: Ni gaskiya raina bai kwanta da zuwa irin wuraren ba. Ko ba ka sha ba ai sana'arsu kenan, ko shayi ka saya kuɗinka can ya tafi. Ki kai ta Alphen Trail, nan Constantia ɗin ne dai, hanya ce ta jama'a a bakin rafi, inuwa tun daga farko har ƙarshe, ba ruwanki da kowa. Sai dai masu karnuka, kowa da nasa kuma a sake.

Maman Hanan: Karnuka kuma? Tab, Umma ba za ta yi taku uku ba.

Malam Babba: Baban Sadiq, tsantseninka abin yabo ne, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari. Abin da ya zo a hadisi ƙarara shi ne hani ga zama a teburin da ake shan giya, don haka Hajiya in kun je ku tsaya a gona da lambu, ku bar wajen cin abincinsu, dama wani girkin da giya ake yinsa. Sannan tunda kun je Constantia kada ku dawo ba ku san wa ke kwance a can ba. A bakin ƙofar gonar Klein Constantia akwai hubbaren Shaihu Abdurrahman Matebe Shah, wanda 'yan Holan suka koro daga Sumatra, ya iso nan a 1668, shi da Sayyid Mahmud wanda nasa kabarin ke Islam Hill, duk unguwa ɗaya. Gonar Groot Constantia sai 1685 aka bai wa kwamandan 'yan Holan Simon van der Stel, kun ga musulmi sun riga inabin zuwa wannan kwarin.

Ɗan Zazzau: Allah ya saka Malam. Ni sau nawa ina wucewa ta wajen koren ginin nan ban taɓa tambaya ba.

Likita: Ƙari kan na Malam, in kun shiga gidan tarihin ku karanta ɓangaren bayi, kar a tsaya ɗaukar hoto kawai. Bayi ne suka yi noman gonakin nan, daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indunusiya, sai 1834 aka soke bauta. Bayan nan ma aka ci gaba da biyan lebura wani sashe na ladansa da giya, an haramta a 1960 amma abin ya daɗe bai mutu ba, har yau asibitocin yankin suna ganin yaran da aka haifa da lahani saboda shan da uwa ta yi da ciki. Ta ɓangaren Umma kuma Hajiya, inabi zaƙi ne zalla, musamman irin da ake kira hanepoot ɗin nan da ake sayarwa a bakin hanya yanzu, ƙwaya kaɗan ta isa, ruwan inabi na kwalba kuma ko da ba barasa a ciki a bar wa yara.

Anti Bilki: Likita ka kashe mata daɗin tafiyar tun ba a fita ba 😂

Amarya: Ba wanda ya ambaci gonar Babylonstoren? Wajen garin Franschhoek ne, kamar awa ɗaya a mota, ana biyan kuɗin shiga amma lambun ya biya. Kusan komai na ciki abin ci ne ko magani, ga lemo ga gwaiba ga kabewa, agwagi na yawo, tsohuwar da ta san shuka za ta fi jin daɗinsa a kan layin inabi da ba ya ƙarewa. Surukata da muka kai sai da muka yi da gaske ta fito, tana ta murza ganye tana shinshinawa tana faɗa mana sunansa da Hausa.

Ɗan Zazzau: In can za ku to ku biya ta Stellenbosch a dawowa, ku taka Dorp Street da yamma, garin tun 1679 yake, kuma akwai masallaci a cikin gari, azahar da la'asar ba matsala. Jirgin Wine Tram na Franschhoek dai kar ku hau, daga wajen sha zuwa wajen sha yake kai mutane, da yamma duk an yi tatul.

Baban Sadiq: To kun gani.

Likita: Takalmi rufaffe dan Allah, ba silifa ba, lokacin zafi ne akwai macijiya kasa a cikin ciyawa kuma ba ta gudu. Constantia kuma gwaggon biri na saukowa daga dutse saboda inabin, in kun gan su kar yara su riƙe leda ko abinci a hannu.

Amarya: Abinci ma ku tambaya kafin ku ɗauko kula. Mu wata gona muka je da dambun nama da fanke mun shimfiɗa darduma, mai gadi ya zo cikin ladabi ya ce ba a shigowa da na waje, a but ɗin mota muka ci.

Maman Hanan: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Umma duka, ta ce ita hubbaren Shaihu take son gani, sai lambun Amarya wani satin. Malam, mata suna shiga kuwa?

Malam Babba: Suna zuwa, a rufe kai a cire takalmi a ƙofa. Ku fara da can tun da sanyin safiya, daga nan Groot Constantia 'yan mintuna ne a mota.