Neman kalma: me za mu kira "motor learning" da Hausa?

Jama'a a taimaka min, kwana uku kenan ina juya kalmar nan ban samu Hausar da ta kwanta min ba. Kuma dan Allah ba koyon mota bane, motsin jiki ake nufi, wato yadda ƙwaƙwalwa ke koya wa gaɓoɓi abu ta hanyar maimaitawa har ya zama ba sai ka tsaya tunani ba, kaman tela da ke taka keke yana hira ɗinkin na tafiya daidai.

Dalilin da yasa na dage, yayana na fama da sikizofireniya, wani nau'in ciwon taɓin hankali, tafiyarsa ta yi nauyi, ɓalla maɓallin riga sai ya ɗau lokaci, a gida kuma ana ta cewa lalaci ne ya saka wa ransa. Wallahi ba lalaci bane. Ciwon da kansa yana rage saurin motsi, ana ganin haka har a waɗanda basu taɓa shan magani ba, sannan magunguna irin su haloperidol da Largactil da ake bayarwa don ciwon suna tare hanyar sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, wanda ke taimakawa wajen sarrafa motsi, shi ne zaka ga jiki ya sandare hannu na karkarwa kaman mai ciwon Fakinsin. Tsufa ma na kawo nasa jinkirin, amma tsoho yana koyon sabon motsi, kawai sai ya maimaita fiye da yaro. To ya zan fahimtar da Hajiyarmu wannan in ba ni da kalmar?

Wani ya bani "tunawar jiki". Ban karɓa ba. Akwai wani mutum a Amurka, Henry Molaison, da aka yi wa aikin ƙwaƙwalwa a 1953 ya daina riƙe sabon abu kwata-kwata, amma da aka sa shi bin zanen tauraro yana kallon madubi kullum hannunsa ƙara gyaruwa yake, alhali shi bai san ya taɓa yi ba. Kenan abin daban yake da tunawa.

"Sabon jiki" na so shi sosai, daga sabo, matsalar a rubuce kowa zai karanta jiki sabo ne.

Wata baiwar Allah ta tuna min da "hannunsa ya faɗa", kuma gaskiya nan Bahaushe ya riga ya gama magana, irin yadda ake cewa hannunta ya faɗa a girki. Sai dai ƙafa fa, da harshe? Mai koyon tafiya bayan shanyewar ɓarin jiki ba za a ce hannunsa ya faɗa ba.

Ni dai na tsaya a "koyon motsi" wajen rubutu, raguwar saurin motsin kuma "nauyin motsi", dan "mutuwar jiki" da "sanyin jiki" suna jan hankali zuwa kasala, kuma zargin da nake gudu kenan. Mutanen Sakkwato da Damagaram, in akwai abinda kuke cewa a wajenku ku rubuto, musamman na ƙafa ɗin.