Neman kalma: saba, ma'ajiya da RAID, kafin Alhamis

Mai_Fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara takardar sayen kayan aiki na wurin da jami'a za ta riƙa zuba bincikenta a intanet, a kan manhajar DSpace, kuma ranar Alhamis kwamiti zai zauna a kanta. Kalmomi uku sun tsaya mini a wuya: repository, storage da backup. Duk wadda na juya, "ajiya" take fitowa. Ga kuma server da RAID. A taimaka.

'Yar_Laburare: Wa alaikumus salam. Ta farko ka ce taska, domin nan ne mai karatu zai shiga ya tarar da kundayen digiri da maƙaloli a jere. Ta biyu kuma rumbu.

Injiniya: Taska ta zauna, Hajiya. Rumbu ne ke da matsala, an riga an saba da "rumbun bayanai" a matsayin database, kuma a DSpace abu biyu ne daban. Manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL ke riƙe da take, sunan marubuci da shekara, manhajar Solr ke kula da bincike, fayilolin PDF ɗin kansu kuwa wani wuri ake jibge su. Biyun farkon ƙanana ne amma suna son sauri, sai a ba su SSD biyu, wato faifai mai sauri da ba ya juyawa, masu kwafin juna. Fayilolin yawa gare su, faifai mai juyawa ya ishe su. In ka kira duka rumbu, wani a kwamiti zai ga kamar an rubuta abu ɗaya sau biyu, ya soke ɗaya. Ka bar storage a ma'ajiya. Server kuwa, wato kwamfutar da za ta riƙe taskar, saba kowa ke cewa.

Malamin_Nahawu: Saba kuma? Ga uwar garke a hannu, sai mu ɗauko kalmar da mai karatu zai rikita da "saba" ta sabo? RAID kuwa na daɗe da sama mata suna: gayyar faifai. Faifai da yawa sun taru a kan aiki ɗaya, in ɗaya ya faɗi aiki bai tsaya ba. Me ya fi wannan dacewa?

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, sunan da daɗi, amma ba kowane RAID ne haka ba. A RAID 0, faifai ɗaya ya mutu komai ya tafi. Sannan yaya za ka ce RAID 6? In ka ce gayya ta shida, za a ɗauka faifai shida ake nufi, alhali da huɗu ma yana tashi. Lambar tsari ce. Abin da take nufi shi ne faifai biyu za su iya mutuwa ba a rasa komai ba, kuma wurin faifai biyu ake bayarwa ladan wannan: shida masu terabait 8 za su ba ka 32, ba 48 ba. A rubuta wannan lissafin ɓaro-ɓaro, don kada a ce an yi cuta.

Mai_Fassara: Takardar ta ce a guji RAID 5. In fassara dalilin ko in wuce?

Injiniya: Fassara shi. RAID 5 mutuwar faifai ɗaya kawai yake ɗauka. In aka sa sabo, sai an karanta sauran daga farko har ƙarshe kafin a cike shi, kuma a manyan faifai wannan kan ci yini ko fiye. Su kuwa sauran tare aka saye su, tare suka tsufa, wannan wahalar ce kan kayar da na biyu. A nemi faifan CMR, wanda layukan rubutunsa ba sa hawa juna, domin SMR, wanda nasa ke hawa juna, jan ƙafa yake yi wajen wannan cikon har na'ura ta fitar da shi daga layi.

Malamin_Nahawu: Kun gani? CMR, SMR, RAID, saba. Ina Hausar a nan? Waɗanda suka ba mu jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa ba su ce abin ya fi ƙarfinsu ba. Mu ne dai muke jin kunyar harshenmu a gaban masu digiri.

'Yar_Laburare: Malam, ita na'urar ai daga Larabci muka aro ta, ba wanda ya ce an zubar da mutunci.

Malamin_Nahawu: Aron da ya kwana ya zama ɗan gida daban, na jiya-jiya daban.

Mai_Fassara: Don Allah mu koma kan backup, lokaci na tafiya. Na sa "ajiyar ko-ta-kwana".

Injiniya: Ko-ta-kwana ta fi dacewa da faifan da ake sakawa a cikin injin yana zaune ba ya komai, da wani ya mutu ya hau wurinsa. Backup ka ce kwafin ajiya, ka kuma ware masa sakin layinsa nesa da RAID. Nan ne tsoron da nake wa "gayya" yake, domin tana sa mutum ya ji an gama tsaro. Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, ko wanda manhajar 'yan neman fansa ta kulle, a duk faifan yake lalacewa lokaci guda. Ƙa'idar ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gini daban, ko a kaset ɗin LTO na adana bayanai ko a wata saba mai nisa. A kwafi rumbun bayanan da fayilolin a lokaci ɗaya, in ba haka ba za a dawo da take babu takardarsa. Kuma a riƙa gwada dawo da shi ana gani da ido.

Malamin_Nahawu: Kwafi ma Turanci ne, amma na bar muku. Uwar garke dai ba zan bari ba.

Mai_Fassara: To ga abin da zan miƙa: taska, ma'ajiya, rumbun bayanai, kwafin ajiya, faifan ko-ta-kwana. RAID 6 zai zauna yadda yake tunda da shi ɗan kwangila zai kawo kaya, amma a farkon ambato zan ce "wato gayyar faifai". Uwar garke a kanun takarda, saba a cikin jadawali.

Malamin_Nahawu: Sau ɗaya tak? To, Allah ya sa wani ya tsince ta.

'Yar_Laburare: Ba wanda ya taɓa checksum fa, wato lambar da ake gane ko fayil ya lalace da ita, kuma na tabbata tana cikin takardar.