Ninkayar tara kuɗin ginin coci: yaya zan gyara takardun Gift Aid?

Salama a gare ku 'yan'uwa, musamman mazauna Ingila. Cocinmu na gina zauren da jama'ar unguwa za su riƙa amfani da shi, har da rabon abinci ga mabukata. Don tara kuɗi muka shirya ninkaya: kowane mai iyo ya nemo waɗanda za su yi alkawarin biyan wani abu a kan kowane tsawon tafki ɗaya da ya ƙetare. Tafkin mita 25 ne. 'Yata ta ƙetare sau 64, wato mita 1,600, kuma har yanzu zuciyata cike take da murna.

Ga inda na maƙale. Ma'ajinmu ya ce a tsarin Gift Aid hukumar haraji ta HMRC na ƙara wa coci fam 1 a kan kowane fam 4 na gudummawar da aka bayar, amma sai mai bayarwa yana biyan haraji a Birtaniya, ya rubuta cikakken suna da adireshin gidansa a takardar alkawarin, ya kuma sa alamar amincewa. To, rabin mutanenmu sunan farko kawai suka rubuta, wasu adireshin wurin aiki. Kuɗin kuwa sun riga sun shiga hannu.

Zan iya bin su ɗaya bayan ɗaya su cike sabuwar takarda yanzu, ko lokaci ya wuce? Saƙon waya zai wadatar? Ginin ko rufi bai samu ba, ba na so wannan ƙarin ya kuɓuce mana. Wanda ya taɓa riƙe asusun coci a nan, don Allah ya nuna mini hanya.